George Eastman: Akawun Bankin Da Ya Sauke Wa Masu Hoto Kaya

A wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Amurka ne, mu kawo tarihin wani mutum wanda da wuya a sami gida a zangon nan da babu sawunsa a ciki. Duk mai tsohon hoton biki ko na Salla a ƙasan akwati, ya ɗauko ya juya bayan takardar, sau da yawa zai ga an rubuta Kodak. To wanda ya ƙago wannan suna, ya kafa kamfanin, shi ne George Eastman.

An haife shi ran 12 ga Yuli, 1854, a wani ƙaramin gari da ake kira Waterville a jihar Niyok. A 1860 iyayensa suka koma birnin Rochester, bayan shekara biyu kuma uban ya rasu, ya bar uwar da 'ya'ya uku, ɗaya daga cikinsu ga ciwon shan-inna. Sai ta shiga saukar da baƙi a gidanta, tana ci da su suna biyanta, sana'ar da mu mutanen zango ba sai an yi mana bayaninta ba. Yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta ya kama aikin masinja a wani kamfanin inshora, a kan dala 3 a mako. A 1874 ya sami aikin ƙaramin akawu a banki.

Wajen 1877 ya yi niyyar tafiya Santo Domingo, sai wani abokin aikinsa ya ba shi shawara ya sayi kayan hoto don ya ɗauko abin da ya gani. A nan fa ya ga aiki. Kyamarar zamanin akwatin katako ce babba, ba ta riƙuwa a hannu, sai an ɗora ta a kan mariƙi mai ƙafa uku, shi ma na katako mai nauyi. Dalili kuwa, hoto ba ya kamuwa sai an bar idon kyamara a buɗe na daƙiƙoƙi, in ta motsa ko kaɗan aiki ya ɓaci. Shi ya sa a gidajen hoto har wani ƙarfe ake tokara wa mutum a ƙeya don kada ya girgiza kai. Sannan babu fim. A kan farantin gilashi ake ɗauka, kuma mai hoto da kansa zai shafa wa gilashin magani, ya tsoma shi a ruwan sinadarin azurfa a cikin duhu, ya ɗauki hoton, ya wanke shi tun maganin bai bushe ba, duk a cikin kamar minti goma zuwa sha biyar. Wato ke nan ko ina za shi sai ya tafi da tanti mai duhu, da kwalaben magani, da gilasai, da tulun ruwa. Kayan jaki guda, kafin a sami hoto ɗaya.

Tafiyar dai ba ta yiwu ba, amma hoto ya shiga ransa. Ya biya dala 5 aka koya masa aikin. Daga nan ya karanta a mujallun Ingila cewa wasu na haɗa maganin da jelatin, wani abu mai danƙo da ake dafowa daga ƙashi da fatar dabbobi, wanda ko ya bushe a kan gilashi yana aiki. Shekara uku yana banki da rana, da dare yana gwaji a madafar uwarsa, wani lokaci a nan ƙasa barci ke kwashe shi. A 1879 ya je Landan ya yi rajistar injin da ya ƙera na shafa wa gilashi magani. A 1881 wani attajiri mai sana'ar bulalar dawaki, Henry Strong, ya zuba jari suka kafa kamfani, shi kuma ya bar banki.

Akwai abin da ya faru a farkon kasuwar nan da ya kamata mu 'yan kasuwa mu tsaya a kai. Gilasan da ya sayar wa diloli sun lalace a hannunsu. Bai ce kaya ya bar hannunsa ba ruwansa ba. Ya ce a dawo da su, ya tsayar da aiki har aka gano cewa daga jelatin ɗin da aka canja masa matsalar take, sannan ya musanya wa kowa da mai kyau. Aljihunsa ya kusa ƙarewa, amma dilolin ba su guje shi ba. A wajenmu, da ya tsaya gardama a wannan gaɓa, da yau babu mai jin sunansa.

Bayan haka ya koma neman abin da zai maye gurbin gilashi, mai sauƙi kuma mai naɗuwa. Da farko takarda ya yi amfani da ita. A 1888 ya fito da kyamarar Kodak, ɗan akwati da ake riƙewa a hannu, babu mariƙi, babu tanti. Dala 25 ce, da fim na hoto 100 a cikinta. Ka ja zare, ka danna, ka murɗa makulli, shi ke nan. In fim ya ƙare sai ka aika da kyamarar ɗungurungum zuwa Rochester da dala 10, su wanke, su buga hotunan, waɗanda a lokacin zagayayyu ne kamar faifai, su zuba sabon fim su dawo maka da ita. Sunan kuwa ba shi da wata ma'ana, shi ya harhaɗa shi saboda yana son harafin K, kuma yana son gajeren suna da kowane harshe zai iya faɗa.

Mai karatu ya lura da inda ribar take. Kyamara sau ɗaya ake saye, fim da wanki kuwa kullum ne. Shi ya sa a 1900 ya fito da Brownie a kan dala 1 kacal, fim ɗinta santi 15, har yara suka zama masu hoto. Kamar mai ba ka fitila da araha ne alhali shi kaɗai ke sayar da kananzir.

Ba za mu ce ba shi da tabo ba. Fim mai haske kamar gilashi da kamfaninsa ya fito da shi a 1889, wani limamin coci mai suna Hannibal Goodwin ya riga su neman rajistarsa. Aka yi ta shari'a har Goodwin ya rasu a 1900 bai ga komai ba, sai a 1914 kamfanin ya biya dala miliyan 5 ga waɗanda haƙƙin ya koma hannunsu.

Ta fuskar kyauta kuwa hannunsa a sake yake. Tun 1912 ya fara raba wa ma'aikata wani kaso na riba. Ya ba jami'ar MIT maƙudan kuɗi a ɓoye da sunan Mista Smith, ya taimaki makarantun baƙar fata na Tuskegee da Hampton, ya gina asibitocin haƙori a Rochester, Landan, Rum, Faris da wasu birane. Abin da ya bayar ya haura dala miliyan 100. Bai taɓa aure ba, uwarsa ce tare da shi har ta rasu a 1907. A ƙarshen rayuwarsa ciwon ƙashin baya ya matsa masa, tafiya ma da ƙyar, ran 14 ga Maris, 1932, ya kashe kansa da bindiga yana da shekara 77. Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Kamfanin ya ci gaba da mulkin kasuwar hoto shekaru da dama. Abin mamaki, a cikin kamfanin ne wani injiniya, Steven Sasson, ya haɗa kyamara marar fim ta farko a 1975, mai nauyin fiye da kilo 3 da rabi, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto ɗaya a kaset. Manyan kamfanin ba su yi saurin rungumar ta ba, don za ta kashe cinikin fim. A 2001 ma sun sayi wani dandalin ajiye hotuna a intanet, Ofoto, amma hankalinsu na kan a riƙa biyansu kuɗin buga hoto a takarda, mutane kuwa abin da suke so shi ne su nuna wa 'yan'uwa, kamar yadda muke tura hoton suna gida Arewa ta waya tun ba a gama rabon goro ba. A watan Janairun 2012 Kodak ya je kotu neman kariya daga masu bin sa bashi, ya sayar da wancan dandali a kan ƙasa da dala miliyan 24. A watan Afrilun shekarar Facebook ya sanar da sayen Instagram, mai ma'aikata 13, a kan dala biliyan 1.