Mamani Abdulaye: ɗan majalisar Damagaram da ƙuri'a ta ɗora, alƙalami ya sauke

A watan Yunin 1993 hatsarin mota a kan hanyar Damagaram zuwa Yamai ya yi ajalin Mamani Abdulaye, yana da shekara 61. Ya taso ne zuwa babban birnin Nijar domin karɓar kyautar adabi mai ɗauke da sunan Bubu Hama. Yawancin masu tunawa da shi a yau littafinsa na Sarauniyar Lugu suke tunawa. Kaɗan ne suka san cewa kafin ya zama marubuci, ɗan majalisa ne wanda mutanen Damagaram suka zaɓa yana da shekara 25, kuma Bubu Haman nan da aka sa wa kyautar sunansa shi ne ya shugabanci majalisar da aka kori jam'iyyar Mamani daga cikinta.

Tarihin zaɓensa gajere ne, bai wuce shekara biyu da 'yan watanni ba. Amma cikin wannan ɗan lokaci aka yanke yadda Nijar za ta sami 'yanci, da wanda zai riƙe ta, da irin muryar da gabashin ƙasar zai samu a Yamai.

Damagaram da ya tashi a ciki

An haifi Mamani a 1932 a gabashin Nijar, kuma a Damagaram ya yi suna. A lokacin birnin yana jin ciwon abin da ya rasa. Shi ne hedikwatar mulkin Faransa a ƙasar har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da gwamnati Yamai. Ofisoshi suka tafi yamma, gyaɗa ta rage a gabas. Manoman Damagaram da Tasawa da Maraɗi su ke noma ta, a auna ta a kantunan Turawa, a loda ta a manyan motoci zuwa Kano, daga can jirgin ƙasa ya kai ta bakin teku.

Cinikin gyaɗar ya tara sabbin mutane a birane: direbobi da yaran mota, 'yan dako, 'yan kamasho, teloli, magina, ƙananan ma'aikatan kanti da na gidan waya. Iyayensu sun sha aikin tilas da haraji. Wasu daga cikin danginsu sun tsere wa wannan wahala zuwa Najeriya, wasu suka bi hanyar hajji ta gabas, zuriyarsu na nan har yau cikin Hausawan Sudan, a garuruwa irin su Gadarif da Kasala. Faransa ta soke aikin tilas a 1946, kuma a shekarar aka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen RDA a Nijar.

Mamani ya shiga harkar ƙwadago tun yana saurayi. Da shugabannin RDA suka raba gari da jam'iyyar Kwaminis ta Faransa suka sassauta wa gwamnatin mulkin mallaka, Jibo Bakari ya ƙi bin su, ya kafa jam'iyyar UDN a 1954. Ƙarfinta yana cikin ƙungiyoyin ma'aikata, kuma nan Mamani ya tsaya. A ƙarshen 1956 UDN ta haɗe da BNA, jam'iyyar da ke da sarakuna da 'ya'yan sarauta da yawa. A takarda sunan haɗakar MSA. A bakin jama'a kuwa Sawaba ce, kalmar da 'yan NEPU na Malam Aminu Kano suka riga suka yi tashe da ita a ƙetaren iyaka. Alamar Sawaba raƙumi, ta RDA giwa.

Zaɓen 1957

Dokar da Faransa ta zartar a watan Yunin 1956, wadda aka fi sani da sunan minista Gaston Defferre, ta ba kowane baligi, mace da namiji, damar jefa ƙuri'a, ta kuma ba kowace ƙasa ta Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa ƙaramar gwamnati ta kanta. Nijar a lokacin kamar jiha take a cikin tarayyar ƙasashe takwas mai hedikwata a Dakar. Majalisarta na da kujeru 60.

Ranar 31 ga Maris 1957 aka yi zaɓe. Sawaba ta ci kujeru 41, PPN ta tashi da 19, akasari a yammacin ƙasar. Mamani na cikin waɗanda Damagaram ta tura Yamai. Jibo Bakari ya kafa gwamnati, ko da yake gwamna Bafaranshe ne ke zaune a kan kujerar shugaban majalisar ministoci har zuwa tsakiyar 1958.

Kowace majalisar ƙasa takan zaɓi mutum biyar daga cikinta su wakilce ta a Babbar Majalisar tarayya da ke Dakar, inda ake tattauna kasafin kuɗin ƙasashen takwas baki ɗaya. Mamani ya samu wannan wakilci. Saurayin da ya fito daga tarurrukan 'yan dako da direbobi ya zauna zaure ɗaya da manyan 'yan siyasar yankin, a shekarar da Félix Houphouët-Boigny ke shugabantar zauren. Babbar muhawarar lokacin ita ce ko ƙasashen za su sami 'yanci a dunƙule ko kowace ta kama gabanta. Sawaba na tare da masu son a zauna a dunƙule.

Sai dai nasarar 1957 tana da rauni a gindinta. Talakawan birni sun kawo zafin yaƙin neman zaɓe, amma ƙuri'un karkara da yawa ta hannun sarakuna suka zo. Ɗan ƙwadago da basarake sun hau raƙumi ɗaya, kowa da inda ya nufa. Da gwamnatin Bakari ta fara tuɓe wasu sarakunan gargajiya, sauran suka sha jinin jikinsu.

E ko a'a

A 1958 Janar de Gaulle ya dawo mulki a Faransa, ya sa ƙasashen Afirka su zaɓa: ko su amince da sabon tsarin mulki su zauna cikin ƙawance da Faransa, ko su ce a'a su karɓi 'yanci nan take, a janye musu kowane irin tallafi. A taron jam'iyyar PRA da aka yi a Kwatano a watan Yuli, wanda Sawaba ke ciki, an yi kiran 'yanci ba tare da jinkiri ba. A Afirka ta Yamma gwamnatoci biyu kaɗai suka nemi jama'arsu su ce a'a: ta Sekou Touré a Gini da ta Jibo Bakari a Nijar.

Faransa ba ta ɗauki Nijar da wasa ba. A arewa tana yaƙi da 'yan gwagwarmayar Aljeriya, kuma ba ta son ƙasa mai 'yanci da za ta zama musu ƙofar baya. A kudu ga Najeriya na shirin samun 'yanci, ga dangantakar Sawaba da NEPU. A cikin hamada kuma an fara gano ma'adinin yuraniyam. Ana saura makonni a jefa ƙuri'a aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani. Masanin tarihi Klaas van Walraven, wanda ya yi shekaru yana bin diddigin Sawaba a ɗakunan ajiye takardu da bakin tsofaffin 'yan jam'iyyar, ya nuna yadda aka ƙaro sojoji, aka saki kuɗi da motoci ga masu cewa e, aka kuma matsa wa sarakuna lamba. Jagororin tsohuwar BNA, irin su Isufu Sa'idu Jarmakoy da Georges Condat, suka fice daga tafiyar.

Ranar 28 ga Satumba 1958 aka bayyana cewa kusan kashi 78 cikin ɗari sun ce e, kashi 22 sun ce a'a. Waɗanda suka fito jefa ƙuri'ar ba su kai kashi 40 cikin ɗari na masu rajista ba. A watan Oktoba gwamnatin Bakari ta faɗi. A watan Nuwamba aka rushe majalisar da aka zaɓa domin shekara biyar, tun ba ta cika biyu ba.

Kujerun da aka soke

An sake zaɓe ranar 14 ga Disamba 1958. Gamayyar da PPN ke jagoranta ta sami kujeru 49, Sawaba ta tsira da 11. Duka goma sha ɗayan daga mazaɓu biyu suka fito: Tasawa da Damagaram, gidan Mamani. Duk da matsin da aka sha, ƙasar gyaɗa ta tsaya a bayan raƙumi. Kwana huɗu bayan haka, ranar 18 ga Disamba, aka ayyana Jamhuriyar Nijar, Diori Hamani ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama ya zama shugaban majalisa.

Kujeru 11 cikin 60 ba za su hana gwamnati yin komai ba. Iyakar abin da za su iya shi ne su tashi su yi magana a rubuta. Ko wannan ba a bari ba. Aka soke sakamakon mazaɓun biyu bisa zargin maguɗi. Kujerun Tasawa aka miƙa su ga ɓangaren gwamnati. A Damagaram aka sa zaɓen cike gurbi a watan Yunin 1959, cikin yanayin da Sawaba ta ga ba za ta iya shiga ba, ta ce magoya bayanta su ƙaurace. Haka majalisar ta koma ta jam'iyya ɗaya. A watan Oktoban 1959 aka haramta Sawaba gaba ɗaya.

Nan tarihin zaɓen Mamani a wancan zamani ya tsaya. Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami 'yancin da jam'iyyarsa ta nema shekara biyu kafin nan, amma waɗanda suka fara nema suna kurkuku, ko a ɓoye, ko a ƙasashen waje. Zaɓukan 1965 da 1970 jerin sunaye ɗaya aka kai wa masu ƙuri'a.

Shekarun gudun hijira

Mamani ya bar ƙasar, ya yi kusan shekara 14 a waje. Ya zauna a Gana ta Kwame Nkrumah da Mali ta Modibo Keita, sannan ya daɗe a Aljeriya, inda ya wakilci Sawaba ya kuma yi aikin jarida da rediyo. Ƙananan 'yan jam'iyyar da yawa Kano suka nufa, inda 'yan NEPU suka ba su masauki, domin harshe ɗaya ne, sau da yawa ma dangi ɗaya.

Da aka toshe hanyar akwati, Sawaba ta ɗauki hanyar bindiga. Ta tura matasa horon soja a Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa. A ƙarshen 1964 suka kutso Nijar ta iyakokin kudu da yamma, suna zaton jama'a za su tashi tare da su. Hakan bai faru ba. Aka kama su, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. A watan Afrilun 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin Idin babbar salla da nufin kashe Diori, shugaban ya tsira, kamun da ya biyo baya ya cika gidajen yari. Mamani na cikin shugabannin jam'iyyar na waje a waɗannan shekaru, don haka yana da rabonsa na alhakin shawarar da ta jefa matasa da iyalansu cikin wannan bala'i. Faɗuwar Nkrumah a 1966 da ta Modibo Keita a 1968 ta raba Sawaba da manyan masu ɗaure mata gindi.

A wannan zaman ne ya koma ga alƙalami. A 1972 aka buga kundin waƙoƙinsa na Faransanci mai suna Poémérides a Faris, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo mai suna Le Balai, wato tsintsiya.

Komawa gida

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da Diori. 'Yan gudun hijira suka dawo, har da Bakari da Mamani. Murnar ba ta daɗe ba. Sabuwar gwamnati ba ta da niyyar yin zaɓe, kuma ba ta yarda da tsofaffin 'yan Sawaba ba. Aka tsare Bakari a 1975, shi ma Mamani ya yi shekaru a tsare.

A 1980 aka buga Sarraounia. Littafin ya ɗauko labarin sarauniyar Aznan Lugu, kusa da Dogon Dutsi, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899, rundunar da ta bar gawawwaki da ƙonannun garuruwa a ƙasar Hausa, har da Birnin Ƙonni. Takardun Faransa layuka kaɗan suka ba ta. Mamani ya haɗa su da abin da ya ji a bakin mutane, ya ƙara da nasa ƙirƙire, ya fito da macen da ta ƙi miƙa wuya a lokacin da sarakuna maza ke lissafin riba da hasara. Wanda ya san abin da ya faru a Satumban 1958 ba zai rasa ganin inuwarsa a cikin labarin ba. Med Hondo ya mayar da littafin fim a 1986, aka ɗauke shi a Burkina Faso ta Thomas Sankara, ya kuma ci babbar kyautar bikin FESPACO a 1987.

Mamani ya rayu har ya ga akwati ya dawo. Taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu, kuma a farkon 1993 aka yi zaɓen majalisa na farko mai jam'iyyu da yawa tun bayan na Disamban 1958. Zamani ya riga ya wuce tsofaffin abokan gabar. Cikin kujeru 83, PPN-RDA ta sami biyu, Sawabar Jibo Bakari ita ma biyu. A watan Maris ɗan Damagaram, Mahaman Usman, ya ci zaɓen shugaban ƙasa, aka rantsar da shi a watan Afrilu. Bai cika wata biyu a kan mulki ba Mamani ya kama hanyar Yamai, tafiyar da bai ƙarasa ba.

A yau sunan Sarauniya yana kan gidan rediyo da makarantu, har da lambar girmamawa ta ƙasa a Nijar. Sunan ɗan majalisar da ya fito da ita duniya ba kasafai ake haɗa shi da kujerun nan 11 na Tasawa da Damagaram ba, waɗanda jama'a suka cika da ƙuri'a a Disamban 1958, aka kwashe su kafin daminar 1959 ta yi nisa. Allah ya jiƙansa.