Sa Norman Alexander, Mai Sunan Ɗakin Kwanan Samaru

Duk wanda ya yi karatu a Samaru daga cikinmu ya san Alexander Hall, in bai kwana a ciki ba to ya je ziyara. Amma kaɗan ne za su iya faɗin ko wane ne mai sunan, ban da cewa shi ne shugaban Jami'ar Ahmadu Bello na farko. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina game da shi aikin da ya yi ne kafin ya zo Zariya, shi ya sa na ga ya kamata in kawo wa 'yan'uwa da malamanmu tarihinsa a taƙaice.

An haife shi a ƙasar Niyu Zilan cikin 1907. Ya yi karatun fiziks a can, sa'an nan ya wuce Kambirij ta Ingila, ɗakin binciken Cavendish, zamanin da Rutherford ke shugabancinsa. A can ya haɗu da Elizabeth Caldwell, masaniyar duwatsu, suka yi aure a 1935. Shekara ta zagayo aka ba shi kujerar farfesa a Kwalejin Raffles ta Singafo.

Sai yaƙi ya zo. A farkon 1942 matar ta kai 'ya'yansu uku Niyu Zilan, kafin ta komo Jafanawa sun ci Singafo, sun tsare mijin a kurkukun Changi. Sama da shekara uku ya yi a tsare, yana dafa gishiri daga ruwan teku, yana haɗa sinadarin wanke rauni domin asibitin fursunoni. Ita kuma ta kama aikin rada a Niyu Zilan, tana binciken yadda yanayin iska ke lanƙwasa saƙon rediyo. A 1945 ma'aikatan rada na tsibirin Norfolk suka riƙa jin wata ƙara da hudowar rana da faɗuwarta, ita ce ta tabbatar cewa daga jikin rana ƙarar ke fitowa. A ganina an tauye wa matar nan haƙƙi a littattafan makaranta.

A 1952 suka zo Ibadan, ya zama farfesan fiziks. To, a nan ne maganar ta shafe mu. Kimanin kilomita 100 bisa kawunanmu akwai iska siririya wadda hasken rana ke mayar da ita mai ɗaukar lantarki. Iskar nan tana da cika da janyewa irin na ruwan teku: zafin rana na kumbura ta kullum, wata kuma na jan ta. Idan ta motsa ta ratsa ƙarfin maganaɗisun duniya sai lantarki ya gudana, kamar dai dainamon fitilar keke. A wani siririn ɗamara da ya zagaye duniya, inda allurar maganaɗisu ke kwanciya miƙe ba ta duƙa ba, lantarkin nan yakan yi ƙarfi ƙwarai da tsakar rana, yana gudu gabas. Sydney Chapman ne ya raɗa masa suna electrojet a 1951. A wancan zamani ɗamarar ta ratsa Nijeriya ba nisa da Zariya, watau mu da muka taso a Masanawa da ƙasar Gwarzo da Kabo a gefenta muka yi kiwo ba mu sani ba.

Alexander da ɗalibinsa Cyril Onwumechili, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Ife, suka kafa na'urorin awon maganaɗisu a Ibadan, suka bi canjinsa sa'a bayan sa'a. A 1959 suka buga sakamakon, inda suka ware rabon rana daban, na wata daban. Aiki ne na haƙuri, don rabon wata ƙanƙane ne, sai an tara awon kwanaki masu yawa kafin ya fito. Elizabeth ba ta ga fitowarsa ba, ta rasu a Ibadan cikin 1958.

Yau da rada ake auna wannan iska kai tsaye. Abin nan da muke cewa tauraro ya faɗi, tsakuwa ce daga sarari, sau da yawa ba ta kai ƙwayar gero ba, takan ƙone tsakanin kilomita 80 da 100 ta bar sawu na ɗan lokaci. Rada na aika saƙo ya bugi sawun ya dawo, daga yadda sawun ke gusawa a san gudun iskar da inda ta nufa. Dubbai ake kamawa a kwana guda, dare da rana.

Bayan ɗan zama a Ankara ta Turkiyya, sai aka kira shi ya kafa wa Jihar Arewa jami'a. An buɗe ta ran 4 ga Oktoba 1962, Sardauna na uban jami'a. A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, ya miƙa wa Dokta Ishaya Audu ragama, a shekarar ce kuma Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sa. Ya rasu a watan Maris na 1997 yana da shekara 89.