Shaihu Hasan al-Jabarti: Uban da ya binne Malamin Katsina a Alƙahira

Yau ina so in kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda ba Bahaushe ba ne, amma a ganina duk Bakatsine, kai duk Bahaushen da ke zaune a ƙasar wasu, akwai bashinsa a kansa. Sunansa Shaihu Hasan ɗan Ibrahim al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan na Masar, Abdurrahman al-Jabarti.

An haifi Shaihu Hasan a Alƙahira a shekarar 1698. Shi ma jikan baƙi ne, domin kakanninsa daga yankin Zaila suka taso, can gabashin Afirka, suka zauna a Masar, kuma gidansu ne ya daɗe yana riƙe da shugabancin masaukin ɗaliban Jabarti a masallacin Azhar. Yana jariri mahaifinsa ya rasu, ya tashi a hannun mahaifiyarsa da kakarsa. Maraicin bai hana shi komai ba. Ya haddace Alƙur'ani yana yaro, ya zama babban malamin fiƙihu a mazhabar Hanafiyya, ya iya Turkanci da Farisanci, sannan ya yi zurfi a lissafi da ilimin falaki. Lokacin da gwamnan Masar Ahmad Basha, wajen 1749, ya nemi wanda zai tattauna da shi kan lissafi bai samu ba a cikin manyan malamai, Shaihun Azhar na lokacin, Abdullahi al-Shabrawi, gidan Shaihu Hasan ya nuna masa.

Abin da ya fi burge ni shi ne malamin bai raina aikin hannu ba. A wajen 1758 ya lura ma'aunan da ake awo da su a kasuwanni sun lalace, ana tauye haƙƙin mutane. Sai ya tara maƙera da masu awo, ya tsaya a kansu har aka gyara, ya kuma rubuta littafi kan ma'auni. Wanda ya taɓa sayen hatsi da mudun da aka doki gindinsa ya san girman wannan aiki.

To ga inda labarinsa ya haɗu da namu. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wato mutumin Katsina, ya yi aikin Hajji wajen 1730, daga baya ya sauka Alƙahira. Gwani ne a lissafi da ilimin hatimi, kuma yana da littattafai, ciki har da Bahjatul Afaƙ. Shaihu Hasan ya ɗauki karatu a wurinsa, ya ba shi masauki, kuma a gidansa Malam ya cika a 1741, nesa da dangi. Kafin rasuwarsa Shaihu Hasan ya naɗa wasiyyi a kan littattafansa da abin da ya bari. Shi ne ya binne shi a maƙabartar malamai, ya sa aka rubuta sunansa a kan kabarin. Mu da muke zaune a ƙasashen mutane mun san tambayar da kan zo wa mutum cikin dare, wato idan ta Allah ta kasance a nan, wa zai tsaya a kan gawata? Malamin Katsina ya sami mai tsayawa.

A cikin gida kuwa Allah ya jarrabe shi da jarrabawa mai tsanani. An haifa masa 'ya'ya kimanin 40, maza da mata, duk suka rasu a gabansa in ban da guda ɗaya, Abdurrahman, wanda aka haifa wajen 1753, lokacin da uban ya haura shekara 50. Ni dai na kasa ƙiyasta zuciyar da ta ɗauki wannan, kuma mai ita ya ci gaba da karantarwa da karɓar baƙi. Yaron ya tashi a gidajen mahaifinsa na unguwar Sanadiƙiyya kusa da Azhar da kuma Bulaƙ a bakin kogin Nilu, inda malamai da manyan gari ke shiga da fita, littattafai kuma a buɗe ga mai son aro. A nan ya haddace Alƙur'ani, ya koyi lissafi, ya kuma saba da sauraron manya.

Shaihu Hasan ya rasu a 1774, ɗan nasa bai wuce shekara 21 ba. Allah ya jiƙansa, amin. Abdurrahman ya rayu har ya ga shigowar sojojin Faransa Masar a 1798, ya rubuta abin da ya gani a littafinsa Aja'ibul Asar. A cikin littafin ya ba mahaifinsa shafuka masu yawa, ya kuma rubuta tarihin Malamin Katsina, mutumin da ya rasu shekara 12 kafin a haife shi. Yawancin abin da muka sani yau game da malamansa da ƙarshen rayuwarsa a Masar, daga wannan littafi ya fito.