Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Zaunar da Makiyaya

An haifi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a 1781, ya kuma gaji mahaifinsa a 1817. Ya karɓi daular da iyakokinta ba su zauna ba, jama'arta da dama kuwa makiyaya ne masu bin ruwa da ciyawa. Sai ya kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, ya ja hankalin Fulani su zauna su yi noma, su rage shanu, su riƙa kiwon dawaki da raƙuma da tumaki. Dalilinsa shi ne, garken shanu ba ya barin mai shi ya tsare gari ko ya zaunar da ɗansa gaban malami. Wannan batu ne ke kan teburin Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a 2024.

Ya kuma yi rubuce-rubuce kan magani: amfanin filasko, basur da ciwon ido. Ya rasu a Wurno a 1837, can kabarinsa yake.