George Washington Carver: Malamin Gona Mai Tsoron Allah

Duk wanda ya yi noma a ƙasar Anka, Gummi ko Bukkuyum ya san gonar da ta gaji. Ka shuka dawa shekara da shekaru a wuri ɗaya, wata damina sai ka ga ƙuduji ya rufe ta, zangarniya kuma ta ƙanƙance. Mutumin da za mu duba rayuwarsa yau ya yi shekara 47 yana hidima ga manoma masu irin wannan gona.

An haifi George Washington Carver cikin bauta wajen shekara ta 1864, kusa da garin Diamond a jihar Misuri ta Amurka. Yana jariri mahara suka sace shi tare da mahaifiyarsa Maryamu. Ubangidansu Moses Carver ya tura a bi sawu, aka dawo da yaron, uwar kuwa ba a sake ganinta ba. Iyalan da aka ɗauke wa wani a dazuzzukan Zamfara ba sa bukatar a bayyana masu wannan ciwo. Yaron ya tashi da yawan rashin lafiya, don haka aka bar shi da aikin gida da lambu, har maƙwabta suka riƙa kawo masa tsire-tsirensu masu yaushi ya farfaɗo da su.

Karatu bai zo masa da sauƙi ba. Wata kwaleji a Kansas ta ba shi gurbi ta wasiƙa, da ya iso suka ga baƙar fata ne, suka kore shi. A 1891 ya shiga kwalejin aikin gona ta jihar Ayowa, shi ne baƙi na farko a cikinta, ya kuma gama digiri na biyu a 1896. A shekarar nan Booker T. Washington ya kira shi makarantar Tuskegee a Alabama.

Abin da ya tarar can shi ne ƙasar da auduga ta tsotse, da manoma 'ya'yan bayi, yawancinsu suna noma gonakin wasu, bashi ya yi masu katutu. Takin zamani ya fi ƙarfin aljihunsu. Carver bai ɓata lokaci yana faɗa masu abin da ya kamata su saya ba. Ya koya masu haɗa taki da ganyaye da kashin dabbobi da laka, da sauya shuka: bana auduga, baɗi wake ko gyaɗa, waɗanda saiwarsu ke mayar wa ƙasa ƙarfi. Kakanninmu masu haɗa gero da wake a kunya ɗaya sun san wannan tun da daɗewa. Ɗakin bincikensa ma da kwalabe da tukwanen da shi da ɗalibansa suka tsinto a juji aka fara shi.

Ya kuma gane cewa manomi ba zai bar gona ya zo aji ba. A 1906 aka fara zagaya ƙauyuka da keken dawaki ɗauke da iri da garma da kayan gwaji, ana nuna aikin a gonar mutum, a gaban maƙwabtansa. Wanda ya riƙe keken tsohon ɗalibin Tuskegee ne, Thomas Campbell. A ganina nan ne Carver ya fi zama abin koyi ga fastoci da dattawan ikilisiya: ya kai koyarwa inda mutane suke, ya kuma yarda ƙaraminsa ya riƙe linzami. Tun daga 1907 kuma, bisa roƙon ɗalibai, yake koyar da Littafi Mai Tsarki kowace Lahadi da yamma, yana nuna masu ikon Mahalicci ta ganye da fure da ya tsinko a yawonsa na asuba, lokacin da yake addu'a. Haƙurin manomi da Yakubu 5:7 ke magana a kai, a aikace suka gan shi.

Ba waliyyi ba ne marar aibu. Aikin takardu da lissafi ba ya yi masa daɗi, yana da saurin jin an raina shi, sau da dama ya yi barazanar ajiye aiki. A 1910 Washington ya sake tsarin sashen noma, aka rage masa iko. Ya ji zafi ƙwarai, amma bai tafi ba, bai kuma raba makarantar biyu ba. Mu da muka sha ganin ikilisiya ta tsage saboda kujera ɗaya mun san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Suna ya zo masa daga baya. A 1921 ya yi bayani kan gyaɗa a gaban kwamitin majalisar dokokin Amurka. Minti 10 aka ba shi, 'yan majalisa suka yi ta ƙara masa lokaci. Bai taɓa yin aure ba, tufafinsa tsofaffi, kullum da fure a ƙirjin rigarsa. A 1940 ya ba da kuɗin da ya tara domin a ci gaba da binciken noma a Tuskegee. Ya rasu ranar 5 ga Janairu, 1943, bayan ya faɗi a matakalar gidansa, aka binne shi a harabar makarantar kusa da kabarin Washington.