Henry Chadwick: ɗan jaridar da ya raini wasan besbol, ya kuma ƙi yarda a ɓoye asalinsa

Hular nan mai haruffan N da Y a haɗe, wadda samari ke sawa daga Yamai har Damagaram, ta wata ƙungiyar wasa ce mai suna Yankees, wadda filinta ke unguwar Bronx a birnin New York. Wasan da take bugawa shi ne besbol, wanda Amurkawa suka daɗe suna kira wasan ƙasarsu. Mutumin da ake wa laƙabi da uban wannan wasa kuwa bai taɓa zama shahararren ɗan wasa ba, kuma ba a Amurka aka haife shi ba. Ɗan jarida ne, ɗan ci-rani daga Ingila, sunansa Henry Chadwick.

An haifi Chadwick ranar 5 ga watan Oktoba na shekarar 1824 a garin Exeter da ke kudu maso yammacin Ingila. Mahaifinsa, James Chadwick, ɗan jarida ne. Yayansa da suke uba ɗaya, Edwin Chadwick, ya yi suna a Birtaniya wajen fafutukar tsabtace birane da gyaran magudanan ruwa. A shekarar 1837 iyalin suka haye teku zuwa Amurka, suka sauka a Brooklyn, lokacin Henry yana da shekara 12. Da ya zama saurayi ya yi sana'ar koyar da kiɗan piyano, sannan a 1848 ya auri Jane Botts, 'yar jihar Virginia.

Wasan da ya taso da shi daga gida shi ne kurket, na Ingilishi, kuma da rahotannin kurket ya shiga aikin jarida. Akwai wani wasan yara da ya buga tun yana Ingila, ana ce masa raundas: a jefo ƙwallo, yaro ya doke ta da sanda, ya ruga ya zagaye wasu turaku kafin abokan hamayya su kamo ta. Wannan abin da ya sani tun ƙuruciya shi ne zai haɗa shi rigima da manyan masu kuɗin wasa bayan shekara sittin da wani abu.

A wancan zamani besbol bai wuce nishaɗin ma'aikatan ofis da 'yan kasuwar New York ba. Ƙungiyar Knickerbocker ta rubuta dokokinta a 1845, kuma 'yan wasa kan tsallaka kogin Hudson zuwa wani fili da ake kira Elysian Fields a garin Hoboken don su samu wurin bugawa. A wannan fili ne, a shekarar 1856, Chadwick ya kalli karawa tsakanin ƙungiyoyin Eagle da Gotham. Ya ga wasa mai sauri wanda ake gamawa cikin 'yan awoyi, saɓanin kurket da kan ci yini guda ko fiye. Tun daga ranar ya yanke shawarar cewa wannan ne wasan da ya dace da mutanen da ba su da lokacin ɓatawa, ya kuma ɗauki alƙalaminsa ya shiga tallata shi a jaridu, musamman New York Clipper.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Kowace ƙungiya tana da mutum tara. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya doke ta da kulki, ya ruga ya taka tashoshi huɗu da aka jera a fili. Duk wanda ya zagayo ya dawo inda ya tashi ya ci maki ɗaya. Babban taron ƙungiyoyi na 1857 ne ya tsayar da cewa za a yi zagaye tara a kowane wasa, kuma tazarar da ke tsakanin tasha da tasha ƙafa 90 ce, wato mita 27 da 'yan kai.

Matsalar da Chadwick ya tarar ita ce ta ɗan jarida: yaya za a nuna wa mai karatun da bai je fili ba abin da kowane ɗan wasa ya yi? Sai ya ɗauko tsarin lissafin kurket ya gyara shi. A 1859 ya fara buga wani ɗan jadawali a jaridar Clipper mai nuna sunan kowane ɗan wasa da makin da ya ci da yawan fitar da shi da aka yi. Shi ne ya sa harafin K ya zama alamar mai bugun da ya kasa taɓa ƙwallo har aka fitar da shi, kuma har gobe da wannan harafi ake rubutawa a filayen Amurka da Japan da Kuba. Ya taimaka wajen kafa lissafin da ake auna ƙwazon mai bugu da na mai jifa. Da wannan jadawali, mutumin da ke Chicago zai iya kwatanta gwaninsa da na Boston ba tare da ya taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Bai tsaya a rahoto kaɗai ba. Ya zauna a kwamitin dokoki na haɗaɗɗiyar ƙungiyar 'yan wasan, inda ya dage a soke wata tsohuwar doka da ke cewa idan aka cafke ƙwallo bayan ta taɓa ƙasa sau ɗaya, an fitar da mai bugu. A ganinsa wannan sauƙi ne na yara, dole a cafke ta a sama. An amince da hakan a ƙarshen 1864. Daga 1860 ya riƙa shirya wani littafin shekara-shekara mai araha wanda ke koyar da dokokin wasan, a 1868 kuma ya wallafa littafinsa The Game of Base Ball.

Da kuɗi suka shigo, sai matsala ta biyo su. A 1865 aka kama 'yan wasa uku na ƙungiyar Mutual ta New York da karɓar kuɗin 'yan caca don su bari a ci su. A 1869 Cincinnati ta fito da ƙungiya ta farko da ke biyan dukkan 'yan wasanta albashi a fili, a 1876 aka kafa gasar National League, shekara ɗaya bayan haka kuma aka kori 'yan wasa huɗu na Louisville har abada saboda sayar da wasanni. Chadwick ya shafe shekaru yana yaƙi da caca da shan giya a cikin rubuce-rubucensa. Hujjarsa ita ce ranar da 'yan kallo suka fara zargin cewa an shirya sakamako tun daga gida, ranar wasan ya mutu. Wannan ya jawo masa baƙin jini a wurin wasu 'yan wasa da matasan 'yan jarida da ke kallonsa a matsayin tsoho mai yawan wa'azi.

Babbar jarrabawarsa ta zo ne yana dattijo. Tun shekarun 1880 shi ne editan littafin shekara na Albert Spalding, tsohon mai jifa wanda ya zama hamshaƙin mai sayar da kayan wasanni. Spalding ne ya kai 'yan wasa yawon duniya a 1888 da 1889, har suka buga a gindin dalar Giza a Masar, kuma burinsa shi ne duniya ta yarda cewa besbol ƙirƙirar Amurka ce zalla. A 1903 Chadwick ya rubuta cewa wasan ya samo asali ne daga raundas na Ingila, wanda shi da kansa ya buga yana yaro. Ya rubuta haka ne a cikin littafin mai gidansa.

Spalding bai ji daɗi ba. A 1905 ya sa aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Abraham Mills, tsohon shugaban National League. A ƙarshen watan Disamba na 1907 kwamitin ya yanke hukunci cewa Janar Abner Doubleday, wanda ya yi suna a yaƙin basasar Amurka, shi ne ya ƙirƙiro wasan a garin Cooperstown a 1839. Hujjar da aka dogara da ita wasiƙar wani tsohon injiniyan ma'adinai ce, Abner Graves, wanda shekararsa biyar kacal a 1839. Doubleday kuwa a wannan shekara yana makarantar soja ta West Point, ya kuma mutu tun 1893 ba tare da ya taɓa cewa shi ya ƙirƙiro wani wasa ba. Duk da haka labarin ya karɓu, domin ya yi wa masu kishin ƙasa daɗi.

Chadwick bai daɗe ba bayan hukuncin. Ya kamu da mura bayan ya je kallon wasannin buɗe kakar 1908 cikin sanyi, ta rikiɗe ta zama ciwon huhu, ya mutu a Brooklyn ranar 20 ga watan Afrilu, yana da shekara 83. An binne shi a maƙabartar Green-Wood, inda aka ɗora wani dutse mai siffar ƙwallon besbol a saman kabarinsa.

Bincike daga baya ya tsaya a gefensa. Wani littafin yara da aka buga a Landan a 1744 ya ambaci sunan wasan ƙarara. An kuma gano wata dokar garin Pittsfield a jihar Massachusetts ta 1791 wadda ta hana buga shi kusa da sabon zauren taron garin don kada a fasa tagogi, shekara 48 kafin ranar da aka ce Doubleday ya ƙirƙiro shi. Masana tarihi na yau suna ganin besbol da raundas 'yan uwa ne da suka fito daga tsofaffin wasannin sanda da ƙwallo na Ingila, maimakon a ce ɗaya ya haifi ɗayan. Ke nan Chadwick ya ɗan kauce wajen faɗin wane ne uba, amma ya dace wajen faɗin ƙasar da aka fito.

A 1938 aka zaɓe shi cikin gwarazan wasan da ake karramawa. Gidan tarihin da ake karrama waɗannan gwaraza an buɗe shi a 1939, kuma an gina shi ne a Cooperstown, garin da aka zaɓa saboda labarin Doubleday.