Muhammadu Kanta: Makiyayin da ya gina Surame da dutse

Duk wanda ya ziyarci Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu zai iya ɗauka cewa a nan mai sunan ya zauna. Amma Muhammadu Kanta ya rasu kusan shekara 300 kafin Argungu ta zama fadar Kabawa. Gidansa na ainihi yana Surame, birnin da ya gina da dutse a kwarin Gulbin Rima, wanda kufansa ke cikin Jihar Sakkwato a yau.

Ruwayoyi sun sha bamban kan asalinsa. Ta Kabawa ta ce sunan mahaifinsa Makata, mahaifiyarsa kuwa 'yar gidan sarautar Katsina ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya kawo zancen masu cewa bawan Fulani ne. Inda ruwayoyin suka haɗu shi ne cewa Kanta bai tashi a fada ba. A rugar Fulani ya girma yana kiwon shanu, ya yi suna wajen kokawa da dambe, har samari suka riƙa taruwa a bayansa.

Kiwo kan koya wa yaro sanin ƙasa: inda ruwa ke kwanciya da damina, inda mashigi yake, da inda dabba ke kafewa a laka. Wannan sani shi ne ya zama jarin Kanta a lokacin da ya ajiye sanda ya ɗauki takobi.

A wancan zamani Daular Songhai ce ke da ƙarfi a yammacin ƙasar Hausa. Kanta ya bi Askiya Muhammadu zuwa yaƙin Agadas, aka ci nasara. Da aka zo rabon ganima sai aka hana shi kason da yake ganin haƙƙinsa ne. Littafin Tarikhus Sudan na Abdurrahman Sa'adi ya nuna cewa wannan saɓani ne ya kai shi ga yin tawaye wajen shekarar 1516. Rundunar da aka aiko ta murƙushe shi ta koma da kunya. Askiya Muhammadu Benkan, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, shi ma ya gwada sa'arsa, ya sha kashi.

Abin da ya bambanta Kanta da sauran mayaƙa shi ne dabarar da ya ƙago ta kare ƙasa. Biranen Hausa irin su Kano da Katsina da ganuwar ƙasa suka dogara. Shi kuwa da ya tashi gina Surame sai ya haɗa dutse da jar ƙasa, ya kewaye birnin da ganuwa a bayan ganuwa. Ya kuma kafa shi a bakin fadamar Rima, inda dawakin abokan gaba ba sa iya sukuwa idan ruwa ya cika, alhali kwale-kwalen Kabawa na yawo yadda suka so. An ruwaito cewa shi kansa yana da jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla, mai matuƙa 50.

Sai dai ganuwar ta ci gumin mutane da yawa. Ƙasashen da ya rinjaya ne suka riƙa aiko da ma'aikata ala tilas. Ruwayar baka ta ce da Nufawa suka makara, sai ya sa su kwaɓa ƙasar ginin da man kaɗanya maimakon ruwa. Wanda ya yi tawaye saboda an danne masa haƙƙi, ga shi ya ɗora wa wasu nauyin da bai yarda a ɗora masa ba.

A tsakiyar ƙarni na 16 ya rasu. Yana kan hanyar dawowa daga yaƙi da Barno aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, aka ɗauko gawarsa zuwa Surame.

Wajen shekarar 1700 Sarkin Kabi Tomo ya mayar da fada Birnin Kebbi, Surame ta zama kufai. A 1805 rundunar jihadi a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, daga baya Kabawa suka tattara a Argungu, inda Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutarsu a 1849. Tsohuwar fadar Argungu ta ci gaba da aiki har 1942, kuma a 1958 aka mayar da ita gidan tarihi da sunan Kanta. A nan ake adana makamai da tambura da kayan su, a nan kuma kaburburan sarakuna suke.

Surame kuwa an ayyana ta a matsayin kayan tarihi na ƙasa a 1964, sannan a 2007 Najeriya ta sa ta a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Sunan Kanta yana Jihar Kebbi, ganuwarsa tana Jihar Sakkwato, ikon kula da ita kuma yana hannun hukumar gidajen tarihi ta tarayya. Wanda duk ke son jikokinsa su ga ginin da ya haura shekara 450, waɗannan ƙofofi uku ne ya kamata ya ƙwanƙwasa.